Faɗuwar Gaba a Ikko: Tambayoyin da 'Yan'uwa Ke Yi Mini da Amsoshinsu

Na shigo Legas ne a saman motar gwari, a takure tsakanin kwandunan tumatir, kwana 2 muna tafe daga Kano. Da muka sauka a kasuwar Mile 12 da asuba, ba yunwa ce ta fara kama ni ba, ba kuma gajiya ba. Cikina ne ya ɗuri ruwa. Ga ihun kwandastoci, ga 'yan dako na bangaje mutum ba ko sannu, ga harshen da ban san kansa ba. Yau na haura shekara 20 a garin nan, ina da rumfata, iyalina suna Agege. Samarin da ke zuwa ci-rani sukan zauna da ni a teburin mai shayi bayan isha'i, mata kuma sukan aiko da tasu ta bakin maiɗakina. Tambayoyin kala-kala ne, amma in ka tone su, tsoro ne a ƙasa. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Tambaya: Baba, tun da na zo garin nan gabana ke faɗuwa. Wannan ba raunin imani ba ne?

Amsa: A'a, ɗana. A Suratul Ƙasas, Allah ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya fita daga birni yana mai tsoro, yana waige-waige. A Suratu Ɗaha, ranar da matsafa suka jefa igiyoyinsu da sandunansu, ya ji tsoro a ransa, amma ya jefa tasa sandar. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na kaɗawa, ya ce wa Nana Khadija a lulluɓe shi. Wa zai ce waɗannan imaninsu ne ya yi rauni?

Abin da aka koya mana mu nemi tsari daga gare shi shi ne ragwantaka, wato tsoron da ke zaunar da mutum ya bar abin da ya wajaba a kansa. Ka duba addu'ar nan da Buhari ya ruwaito: neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da ragwantaka, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ya sa aka jera su wuri guda, domin tare suke zuwa. Ka riƙe ta safe da yamma, sa'annan ka tashi ka fita.

Tambaya: To me ke sa hannuna ya yi gumi, bakina ya bushe, ƙafafuna su yi sanyi?

Amsa: Jikinka ne ke shirin gudu ko kokawa. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa ke nan, gadi. Da ya hango abin da ya ɗauka haɗari ne, sai a saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya tafi ga manyan tsokoki. Matsalar maigadin nan ita ce bai iya bambance ɗan fashi da ma'aikacin banki ba, duk ƙararrawa ɗaya yake kaɗawa. In ya kaɗa, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, ka maimaita kamar sau 10. Ba zai kori tsoron duka ba, amma zai mayar maka da bakinka da ƙafarka.

Tambaya: Yaya zan gane tsoron da ya kamata in bi da wanda ya kamata in take?

Amsa: Ka tambayi kanka abu guda: in abin ya ɓaci, me zan rasa? In amsar rai ce, ko ƙafa, ko 'yanci, ka bi tsoron, rahama ce. Tsoron da ke hana ka tsallaka titin Ikorodu a guje alhali ga gadar masu ƙafa, tsoron da ke hana ka faɗawa cikin wata mota da daddare wadda ba daga tasha ta taso ba saboda 'yan "wan cans", wato 'yan fashin da ke shigar direba da fasinjoji, tsoron da ke hana ka karɓar ajiyar jakar da ba ka san abin da ke ciki ba, duk waɗannan hankali ne. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Na ga samari da suka ɗauka ganganci shi ne jarumta, wasunsu mun raka su maƙabarta.

Amma in amsar ita ce "za a yi mini dariya", ko "za a ce ƙauye na fito", ko "za a ji a gida", to wannan shi ne wanda ya fi cin mutanenmu a Legas. Ba ya zubar da jini, shi ya sa ba a ganin ɓarnarsa. Shekaru yake ci.

Tambaya: Alhaji, ba na jin Turanci, ba na jin Yarabanci. Ko ƙofar banki ko ofis ba na iya shiga. Ya zan yi?

Amsa: Wannan na san ta ciki da bai. Ranar da na fara yunƙurin buɗe asusu, na shiga ƙofar nan ta gilashi mai magana, ta rufe da ni, ta ƙi buɗewa ta ciki. Wata murya tana ta faɗin abin da ban gane ba. Ashe 'yar wuƙar da nake yanka igiyar kwando ce a aljihuna, da makullai. Mutanen layi suka yi dariya, ni kuwa da ƙofar ta sake ni ban tsaya ba sai bakin titi. Na yi wata 8 ban koma ba. Kuɗina a cikin safa nake ɗaure su, har ranar da aka yanke mini aljihu a cikin motar haya ta danfo wajen Oshodi, cinikin kwana 5 ya tafi. Dariyar minti 1 nake gudu, ta jawo mini wannan.

Abin da na fahimta daga baya shi ne: duk ranar da ka je bakin ƙofa ka juya, sai ka ji wani sanyi a ranka, ka ce alhamdu lillahi na tsira. To wannan sanyin shi ne abincin tsoron. Gobe sai ya fi na yau ƙiba. Ba ya ramewa sai ka shiga, ka tsaya, ka ga ba abin da ya same ka. Likitocin ƙwaƙwalwa ma da wannan hanyar suke warkar da masu tsananin tsoro: a kusanci abin kaɗan-kaɗan, a maimaita, har jiki ya gaji da kaɗa ƙararrawa.

Don haka kada ka fara da babba. Ka fara da mai sayar da burodi Bayarabiya ta unguwarku: ka ce mata "ekaro" da safe, wato ina kwana, ka tambaye ta "elo ni?", wato nawa ne. Za ta yi dariya, amma irin dariyar da ke ƙara maka yanka ɗaya ce. Bayan nan ka raka wani zuwa banki, ka zauna kawai ka kalli yadda ake yi. Zuwa na gaba kai za ka yi magana, shi ya tsaya a bayanka. Na uku ka je kai kaɗai, da abin da za ka faɗa a rubuce a takarda, ko da ajami ne. Turancin buroka ya ishe ka a ko'ina cikin garin nan, ba wanda ke jiran ka yi na Ingila. Kuma ka tuna, yawancin waɗanda ke cikin layin su ma daga wani ƙauyen suka zo.

Tambaya: In aka kira ni "aboki" da sigar raini, sai in ji na ƙanƙance. In tanka?

Amsa: Wasu da raini suke faɗa, wasu iyakar Hausarsu ke nan. Ka amsa da fuska a sake, ka faɗa masa sunanka. Wanda ya ci gaba bayan ya san sunanka, ka bar shi da halinsa, kada ka ba shi ranarka.

Tambaya: Ni ɗan acaba ne. An hana mu hanyoyi, kullum cikin zullumi nake, amma ina tsoron barin sana'ar domin ita kaɗai na iya.

Amsa: Tsoro biyu ne ke jan ka, kuma ɗaya ya fi ɗaya gaskiya. Gwamnatin Legas ta sa dokar hana acaba a wasu sassa tun Fabrairun 2020. A ranar 1 ga Yunin 2022 aka ƙarfafa ta a ƙananan hukumomi 6: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island. A Satumban shekarar aka ƙara Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Baburan da aka kama kuwa murƙushe su ake yi a gaban 'yan jarida. Wannan ba abin da za a yi wa taurin kai ba ne. Wanda ke shiga wuraren nan da babur ɗin haya yana cewa Allah na nan, sai ya tuna abin da aka ce wa mai raƙumi: ɗaure shi, sa'annan ka yi tawakkali.

Na biyun, wato "ita kaɗai na iya", shi ne ƙaryar da zuciya ke yi maka. Ranar da ka zo ba ka san Ojota daga Ojodu ba, yau kana iya zana garin nan a ƙasa da tsinke. Wanda ya koyi wannan zai koyi wani. Ba na ce ka sayar da babur gobe ba. Ka shiga adashi, ka ware yini 1 a mako ka tsaya wajen mai gyaran waya, ko mai walda, ko ɗan gwari, ko wajen 'yan fawa a mayankar Oko-Oba. Za ka koma yaro na ɗan lokaci, za a aike ka sayen ruwa, wanda ka girme zai gyara maka kuskure. Na san wannan ne ainihin abin da kake gudu, ba yunwa ba. Ka daure masa.

Tambaya: Kawu, jarina ya karye, akwai kuɗin mutane a ciki. Na kashe wayata, ko gida ba na kira. Na kasa fuskantar kowa.

Amsa: Zauna, wannan ba ta gaggawa ba ce.

Shekarata ta 6 a nan na haɗa kuɗi na yi lodin kaina karo na farko. Akwai kuɗin 'yan kasuwa 2 a ciki, akwai kuma kuɗin tumaki 3 da Inna ta sayar ta ba ni. Motar ta lalace a hanya tsakanin Mokwa da Jebba, ta kwana 3 a rana. Da ta iso aka buɗe, ruwa ne ke zuba daga ƙarƙashin kwanduna, ƙudaje sun yi baƙi. Ko rabin kuɗin mota ban fitar ba. A daren na zare layina na jefa a aljihu, na bar ɗakinmu na koma kwana a wani masallaci a Ijora inda ba wanda ya san ni. Wata 4 na yi haka. In na hango mai kama da ɗan garinmu sai in sauya hanya. Na rame, ba don rashin abinci ba, don rashin barci.

Wani dattijo ɗan garinmu ne ya gano ni, Inna ce ta aiko shi. Ya buga mata a wayarsa ya miƙo mini. Na shirya jin faɗa, na shirya jin kuka a kan tumaki. Abin da ta ce shi ne: "Kai yanzu saboda dabba ka bar ni wata huɗu ina tambayar direbobi ko sun ga gawarka?" Har yau in na tuna muryar nan sai idona ya kawo ruwa. Asarar tumaki ba ta hana ta barci ba, shiruna ne ya hana ta.

Masu bashin kuwa, dattijon ya raka ni wajensu ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya yi faɗa sosai, ya faɗi maganganun da suka yi mini zafi, kuma yana da gaskiya, domin ɓuyan da na yi ya sa ya ɗauka cinye masa na yi. Na biyun ya yi shiru, ya ce in kawo abin da ya samu duk Juma'a. Na koma dako, na ɗauki kwandon wasu a kaina fiye da shekara guda kafin in gama biya. Wanda ya yi faɗan nan, shi ne ya sake ba ni kaya bashi daga baya.

Saboda haka ga abin da zan ce maka. Ka kunna wayar yau, mahaifiyarka za ka fara kira. Gobe ka nemi dattijo mai mutunci ya raka ka. Ka je kafin a nemo ka, domin wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Ka faɗi adadin yadda yake, kada ka rage ko naira. Kada kunya ta sa ka yi alkawarin ranar da ba za ka iya cikawa ba, gara ka ce kaɗan ka cika. A rubuta, a sa shaidu, haka Allah ya yi umarni a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma a nan ne ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Bari in ƙara da wata da ke ci mini rai. Yawancinmu ba talauci muke tsoro ba, tsoron a san muna cikinsa muke yi. Shi ya sa yaro zai ci bashi ya ɗinka shadda ya tafi gida da salla, ya raba kuɗi a majalisa, ya dawo ya yi wata 5 yana biya. Mutanen gida kuma su ɗauka a Ikko shebur ake sa wa kuɗi, su ƙara buƙata. Mu muka ɗora wa kanmu wannan kayan, kuma mu ne za mu iya sauke shi da kalma ɗaya: "Bana babu."

Tambaya: Baba, ni matar aure ce, shekarata 3 a Idi-Araba, ban taɓa fita ni kaɗai ba. Ko yaro ne ba lafiya sai na jira maigida ya dawo.

Amsa: Ɗiyata, zazzaɓin yaro ba ya jiran a tashi daga kasuwa. Ki zauna da maigidanki ku yi maganar tun ana lafiya, ki nemi izininsa na irin wannan rana. Asibitin koyarwa na LUTH a unguwarku yake, akwai kuma ƙananan asibitocin gwamnati na sha-ka-tafi. Ki sa wata maƙwabciya da ta saba ta raka ki sau 2, ki lura da inda ake yankar kati da inda ake jira, na uku ke za ki shige gaba. Ki haddace lambar maigida da ka, kada ki dogara ga waya kawai, ki kuma riƙe 112 da 767, lambobin neman agajin gaggawa ne a Legas. Maiɗakina haka ta fara. Yanzu ita ke ɗaukar sababbin amare ta nuna musu hanya, har jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 take hawa daga Agege zuwa Oyingbo da katinta na Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi.

Ku kuma magidanta, barin mace ba ta san hanyar asibiti ba, ba kishi ba ne, sakaci ne.

Tambaya: Wani lokaci haka kawai sai zuciyata ta hau bugu, numfashina ya sarƙe, in ji kamar mutuwa zan yi. An ce iska ce.

Amsa: Ka fara da asibiti, a auna jininka, a duba zuciyarka, domin ciwon ƙirji ba abin wasa ba ne. In an ce lafiyarsu lau, to akwai wata larura sananniya ta firgici da ke zuwa kamar yadda ka faɗa, takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin kamar minti 10 sa'annan ta sauka. Tana da magani, wani na sha, wani na zama da likita a yi magana. Yawan goro, da kofi, da lemukan ƙara kuzari, da rashin barci suna tsananta ta, ƙwaya irin su tiramol kuwa rijiya ce, ba mafita ba.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba tun 1907 yake nan. Na san sunan da aka laƙaba masa, na san mutum zai gwammace ya mutu a ɗaki da a gan shi a ƙofarsa. Amma masu rashin barci da masu damuwa da masu firgici suna zuwa su ga likita su koma bakin aikinsu a ranar. Ka yi addu'arka, ka yi azkar ɗinka, ka kuma je. In har ta kai kana jin gara ka bar duniya, kada ka kwana da wannan kai kaɗai, ka faɗa wa wani a daren, a kai ka asibiti.

Tambaya: Tsoron rikici fa? Kullum ina jin kamar wata rana za a far mana.

Amsa: Ba zan ce maka babu dalili ba. Ina nan a watan Maris na 2016 lokacin rikicin Mile 12, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnatin Ambode ta rufe kasuwar na wani lokaci. Abin da na gani shi ne, waɗanda suka san maƙwabtansu sun fi samun mafaka. Ka san mai gidan da kake haya, ka gaishe shi, ka je masa jaje da barka. Ka san shugabannin kasuwarku da fadar Sarkin Hausawan yankinku. In ƙura ta tashi, kada ka je kallo, kada kuma ka tura wa kowa hoto ko murya da ba ka tabbatar ba. Bayan wannan, ka fita nemanka.

Tambaya: Nakan ɗauki niyya da zafi, bayan kwana 3 sai jikina ya mutu. Me ke kawo haka?

Amsa: Kana jiran zuciya ta ba ka umarni ne, ita kuwa a bayan ƙafa take tafiya. Ba ranar da na farka ƙarfe 4 na dare ina marmarin shiga taɓon kasuwa, amma da na ɗaga kwandon farko sai jiki ya saki. Ka rage girman niyyar har ta zama abin da za ka iya ko a ranar da ba ka da lafiyar rai: kalma 3 na Yarabanci, naira 500 a asusu, waya 1 da kake gudu. An ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ka kuma faɗa wa mutum ɗaya, wanda zai tambaye ka ranar Juma'a, "Ka je?" Kunyar nan da ta daɗe tana ɗaure ka, ka juya ta ta yi maka aiki. In ka faɗi kwana 2, ka ci gaba a na uku, ba sai ka jira sabon wata ba.

Tambaya: Kai fa Baba, akwai abin da kake tsoro har yanzu?

Amsa: Ruwa. A garinmu ba mu da kogi, kuma tun ina yaro wani abokin wasana ya nutse a kududdufi a gabanmu. Gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990, na yi shekaru in mota ta hau ta sai in sunkuyar da kai ina salati har mu sauka. Yanzu ina iya kallon masunta da gidajen Makoko ta taga.

Jirgin ruwa ne ya rage mini. Ɗana na fari ya samu aiki a tsibiri, kuma daga Ikorodu ta ruwa yake zuwa. Bara ya ce in raka shi. Na sa rigar kariya na ɗaure ta tamau, na zauna a tsakiya, na riƙe ƙarfen kujera har yatsuna suka sage. Da igiyar ruwa ta ɗaga mu, sai na ji hannunsa a kan gwiwata, bai ce komai ba. Sau 2 ke nan na hau. Ya ce ranar Asabar mai zuwa ma zai biyo mini, kuma wannan karon kusa da taga zan zauna.